Shanun Mai Unguwa da Ƙwayar Karatu

Sufeto Habibullahi bai gama karyawa ba sai ga wani ɗan acaɓa ya faɗo harabar ofishin 'yan sanda na Karaye. Ko kashe babur ɗin bai tsaya yi ba.

"Yallaɓai, ku yi sauri! Za a kashe mutum a Kwanyawa!"

"Wa zai kashe wa?"

"Shanun huɗar Mai Unguwa Isyaku aka sace. Samari sun kama Badaru mai kula da su, sun ce ko ya fito da su ko su gama da shi."

Sufeto ya ture kofin kokon da ke gabansa, ya ɗauki hularsa. Mutum ne kakkaura mai sanyin magana, ya kuma daɗe yana aiki a ƙasar Karaye da Rogo, don haka ya san a farkon damina satar shanun huɗa ta fi satar mota zafi. Ya ƙwala wa Saja Talatu kira, Kofur Halliru ya ja motar sintiri, suka kama hanya.

Sun tarar da Badaru ɗaure a jikin darbejiya a ƙofar gidan Mai Unguwa. Dattijo ne siriri, leɓensa ya fashe, rigarsa ta yage. Samari sun kewaye shi da sanduna.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin Sufeto ba samarin ba ne. Mai Unguwa Isyaku ne, wanda aka yi wa satar, tsaye a gaban Badaru ya buɗe hannuwa yana kare shi.

"Na ce ku ƙyale shi! Shanuna ne, na yafe!"

Sufeto ya sa aka kwance Badaru, ya kori samarin da kalmomi kaɗan. Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ruwa ya sauka, kowa na rububin huɗa, wane manomi ne zai yafe shanunsa tun rana ba ta ɗaga ba?

Suka zagaya bayan gida inda ake ɗaure shanun. An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. Sufeto ya durƙusa a gaban turke.

"Saja, dubi igiyar nan. Ba yankawa aka yi ba, kwancewa aka yi."

Ya bi sawun da ido. Ga kofaton shanu biyu, ga sawun mutum ɗaya. A wurare da yawa kofaton ya taka sawun mutumin ya shafe shi.

"Ɓarawo kora yake yi daga baya," in ji Sufeto. "Wannan kuwa gaba ya shiga, shanun suka bi shi."

Ya juya ga Badaru.

"Ina kake kwana?"

"Ga rumfata nan, yallaɓai."

"Kusa haka, ba ka ji komai ba?"

"Barci ne ya yi mini nauyi."

"Banda shanu, me aka ɗauka?"

"Sai diga guda."

"Banda kai, wa shanun nan suke bi?"

Badaru ya kalli Mai Unguwa, ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake yi, Baba."

"Sai dai ɗan gida," ya ce a hankali.

A zaure, bayan an sake gaisawa an tambayi iyali da damina, Sufeto ya shiga magana.

"Ranka ya daɗe, samari nawa ne a gidan nan?"

"Khalifa ne kawai babba. Sauran ƙanana ne."

"Ina yake?"

"Yana Kano wajen kawunsa. Jarrabawar shiga jami'a zai yi."

"A kira mini shi mu gaisa."

"Wayarsa ta lalace."

"To, ta kawun nasa."

Mai Unguwa ya ciro waya ya riƙe, ya kasa danna komai.

Daidai nan Saja Talatu ta leƙo daga cikin gida, inda ta shiga wajen mata.

"Yallaɓai, in Mai Unguwa ya yi izini, akwai abin da ya kamata ka gani."

Ɗakin Khalifa yana soro na biyu. Da aka tura ƙofar, Sufeto ya tsaya cak.

Babu inda bango ya rage fari. Daga ƙasa har rufi zane ne da gawayi: layuka masu karkacewa, kibiyoyi, sunayen garuruwa. Ga Karaye, ga Turawa, ga Yammedi, ga Rogo, duk an haɗe su da wani dogon layi da ya taso daga wata babbar da'ira da aka rubuta wa "Dam". Kwanonin abinci jere a ƙasa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Shimfiɗar gado kuwa lafiyarta lau, kamar ba a taɓa kwanciya a kanta ba.

Inno, mahaifiyar Khalifa, tana tsaye a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi tana kuka. Wata tsohuwa ta ture ta gefe ta shigo. Goggo Kande ce, yayar Mai Unguwa, wadda duk gidan ke shakkar bakinta.

"Ɗan nan, kai ne babban ɗan sandan? To ka ji gaskiya, tunda su kunya ta ɗaure musu baki. Khalifa ba ya Kano. Yaron nan kwana da kwanaki bai runtsa ba. Magana yake kamar an kunna rediyo. Wai shi zai janyo ruwan dam ya kai har Rogo, kowa ya yi noman rani. Ya raba kayan sawarsa ga mutanen gari. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, shiru. Yau da asuba aka neme shi aka rasa, shanu ma aka rasa."

"Yaya!" Mai Unguwa ya ce daga baya.

"Rufe mini baki, Isyaku. Ka bari an kusa kashe bawan Allah don kada a ce ɗan Mai Unguwa ya taɓu."

Mai Unguwa ya jingina da bango. "Badaru ya gan shi yana kwance shanun. Ni na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ban zaci samari za su far masa ba. Na tura mutane neman yaron a ɓoye."

"Da ma haka yake?" Sufeto ya tambaya.

"Khalifa?" in ji Inno cikin kuka. "Yaron da sai ka yi da gaske kake jin muryarsa? Wannan ne karo na uku da zai yi jarrabawar nan. Ya ce mini, Inno, bana ko na ci ko na mutu."

Saja Talatu ta ɗaga katifa. A ƙarƙashi akwai tarin ɓawon ƙwayar magani, an yayyanka shi ƙanana da almakashi, duk an cinye. Ta tattara a leda.

"Waye ya ba shi wannan?"

Babu wanda ya sani. Inno ta ce ta dai taɓa ganinsa yana haɗiyar wani abu da shayi, ya ce mata maganin ƙarin ƙwaƙwalwa ne.

Sufeto ya sa Kofur Halliru ya sanar da ofishin Rogo da 'yan sintirin ƙauyuka kamannin Khalifa. Sannan suka wuce asibiti, Goggo Kande ta ce ƙafarta ƙafarsu.

Dokta Ummulkhair ta jera guntayen ɓawon a kan tebur, ta harhaɗa su har sunan maganin ya fito. Ta cire tabarau.

"Sufeto, wannan ba irin ƙwayar da kuke kamawa a tasha ba ce. Magani ne na gaske. Akwai mutanen da tun suna yara hankalinsu ba ya tsayawa wuri guda, ba sa iya zama su gama abu. In likita ya bincika ya tabbatar, ya ba su daidai kima, yana taimaka musu ƙwarai."

"To me ya sa wannan ya birkice?"

"Kafin mu rubuta wa mutum shi, akwai tambayar da ba ma tsallakewa." Ta juya ga Goggo Kande. "Goggo, a danginsa akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo? Mutum ya yi ta zumuɗi, ba barci, ba gajiya, yana jin babu abin da ya fi ƙarfinsa, daga baya kuma ya kwanta ya daina kula kowa?"

Goggo Kande ta tafa hannu. "Lukumanu! Ƙanen uwarsa. Shi ma haka ya taɓa yi, ya sayar da gonarsa wai zai sayi jirgi. Yanzu yana shan magani, yana zaune lafiya da iyalinsa."

"To kun ji. Wanda ke da wannan a jininsa, maganin nan yana iya tayar masa da ciwon. Balle a sha shi da yawa, kuma ga alama da yawa ya sha."

"Yana da haɗari ga mutane?"

"Ga kansa ya fi haɗari. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya jin tsoro. Zai iya ganin ruwa ya ce zai taka shi. Ku nemo shi yau, Sufeto. In aka kawo shi, da yardar Allah ana shawo kan abin."

"A kemis ake samun maganin?"

"Da wuya a nan. Ko a Kano sai da takardar likita. Wani ne ya ba shi."

A mota Sufeto ya tambayi Goggo Kande inda Khalifa ya fi zuwa.

"Daga gida sai masallaci, sai wajen darasi. Wajen wani Malam Yusha'u a cikin Karaye."

Suka sauke Goggo Kande, suka nufi can. Wajen darasin wani shago ne mai faɗi a bayan kasuwa, da bencina da farin allo. Ɗalibai maza da mata sun cika shi. Malam Yusha'u ya fito da fara'a. Matashi ne mai tsafta, sanye da farin tabarau, yana ta juya makullin babur a yatsa.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Lafiya dai?"

"Khalifa ɗan Mai Unguwa Isyaku ɗalibinka ne?"

"Ɗalibina ne, yaron kirki. Sai dai ya kwana biyu bai zo ba."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun makon jiya."

Sufeto ya ɗaga ledar ɓawon magani. "Ka san wannan?"

Malam Yusha'u ya leƙa, ya ja da baya. "Ƙwaya? A'uzu billahi. Ni kullum faɗan da nake yi musu ke nan."

Saja Talatu ba malamin take kallo ba, ɗaliban take kallo. Da aka ɗaga ledar, wata yarinya mai shuɗin hijabi a benci na gaba ta yi sauri ta sunkuyar da kai.

Sufeto ya yi sallama. A bakin shagon ya tsaya kusa da wani babur ja. Tayoyinsa sun yi kaca-kaca da laka, a bayansa an ɗaure ƙaton damin harawa.

"Naka ne, Malam?"

"Nawa ne."

"Kiwo kake yi?"

"A'a... wato, akuyar maiɗakina ce."

"Allah ya sa albarka. Akuyar nan tana da ci."

Malam Yusha'u ya yi dariya, amma makullin ya daina juyawa a yatsansa.

Ba su kai ga mota ba wayar Sufeto ta yi ƙara. Wani ɗan sintiri ne daga bakin dam ɗin Challawa.

"Yallaɓai, an tsinci riga da takalmi a bakin ruwa. Mai Unguwa ya zo ya gani, ya ce na ɗansa ne."

Sufeto ya kashe wayar. "Halliru, taka mota."

Sun iske Mai Unguwa zaune a kan laka da babbar rigarsa, ya rungume wata farar riga, yana ta maimaita innalillahi. Ruwan dam ya cika ya yi shiru. Mutane sun taru, har wasu sun fara tuɓewa za su shiga nema.

Sufeto ya matsa bakin ruwa. Ya dubi sawun da ya shiga ruwa. Sai ya ga gefe guda ƙasa ta tumurmushe kamar an yi kokawa, ga kuma sawun tayar babur.

"Su wa suka yi kamun kifi a nan da safe?"

Aka nuna masa wani kwalekwale da ke dawowa daga tsakiyar ruwa. Da ya iso gaci, masunta biyu suka sauko. Sufeto ya nuna musu rigar.

"Ai wannan ta yaron nan ce mai wa'azi," in ji babban cikinsu. "Ya zo da sassafe da diga a kafaɗa, ya tuɓe, ya shiga ruwa yana yi masa magana. Wai ruwa ya shirya, yau zai kai shi Rogo. Ruwa ya kai masa ƙirji muka janyo shi da ƙyar."

Mai Unguwa ya miƙe zumbur. "Kun fito da shi? Yana da rai?"

"Da ransa, Alhaji. Har marina ya yi."

Mai Unguwa ya faɗi ya yi sujada a kan lakar nan, bai damu da kowa ba.

"Daga nan ina ya yi?" Sufeto ya tambaya.

"Wani ya zo a babur ya ce yayansa ne, ya ɗauke shi. Suka yi hanyar Rogo."

"Yaya kamanninsa?"

"Mai farin gilashi. Babur ɗin ja ne."

Saja Talatu ta kalli Sufeto. Ya gyaɗa kai.

"Malam ba inda za shi, yana ganin ya kuɓuce mana. Yaron tukuna."

Suka ɗauki Mai Unguwa suka kama hanyar Rogo. Sun wuce rabin hanya aka kira daga ofishin Rogo. Manoma sun kawo ƙarar wani saurayi ba riga, yana haƙa rami a tsakiyar gonar gyaɗar mutane, duk wanda ya matso sai ya ɗaga masa diga.

"Kada kowa ya taɓa shi," in ji Sufeto. "Kada a ɗaure shi, kada a yi masa tsawa. Ga mu nan."

Rana ta take sosai sa'ad da suka isa. Daga nesa suka hango shi. Dogo ne, ya rame, jikinsa duk jar ƙasa. Ya haƙa wani dogon kwari da ya ratsa kunyoyin gyaɗa, yana sara yana magana shi kaɗai. Tafin hannunsa ya ɗaye, jini ya ɓata ƙotar digar.

Mai Unguwa ya yunƙura zai ruga, Sufeto ya riƙe shi.

"Ranka ya daɗe, bari in fara zuwa."

Ya cire hularsa ya ba Kofur Halliru, ya ɗauki gorar ruwa, ya taka a hankali har bakin ramin ya tsuguna.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki."

Khalifa ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma suna ƙyalli, fuskarsa cike da murna.

"Yauwa, kun zo! Gwamnati ce ta aiko ku? Na san za a aiko. Ka gani, daga nan ruwa zai bi ya gangara, tumatir, albasa, alkama, babu wanda zai ƙara tafiya cirani, na lissafa komai, ba na bukatar barci, barci ɓata lokaci ne, ka san nawa mutum ke asara a barci? Kai, matsa, kana tsaye a kan hanyar ruwa!"

Sufeto ya matsa. "Babban aiki ne. Amma da diga ɗaya?"

"Injuna na zuwa! Na kai wa Malam shanun Baba, zai mayar da su injin ban ruwa. Shi ya kawo ni nan ya ce in fara haƙa kafin ya dawo. Malam ne kaɗai ya gane ni. Shi ya buɗe mini ƙwaƙwalwa. Da ɗaya ya fara ba ni, na ce ƙaro, ya ƙaro!"

"To sha ruwa, ka zo mu zauna a inuwa ka yi mini bayanin komai daga farko. Ina son in fahimta sosai."

Khalifa ya dubi gorar kamar bai san mece ce ba. Da ya kafa ta a baki kuwa, bai sauke ba sai da ta ƙare. Digar ta sulale daga hannunsa. Saja Talatu ta lallaɓo ta ɗauke ta.

Sai a lokacin Mai Unguwa ya ƙaraso. Ya tuɓe babbar rigarsa mai laka ya lulluɓa wa ɗansa, ya rungume shi. Khalifa bai daina magana ba, yana ta bayyana wa kafaɗar mahaifinsa yadda alkama za ta yi kyau a Rogo. Amma ya bi su zuwa mota da ƙafarsa.

Mai gonar ya matso yana ƙunƙuni kan gyaɗarsa. Da ya ga hannun yaron, sai ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ku tafi kawai."

Bayan sun miƙa Khalifa ga Dokta Ummulkhair, Sufeto ya nemi gidan Malam Yusha'u. Yana can gefen gari. A bayansa akwai wani kango da ciyawa ta cinye ƙofarsa, amma ciyawar a tattake take. Tun kafin su shiga suka ji huci.

Ga shanun nan biyu, fari da baƙi, a ɗaure a gindin tsamiya, suna tuƙa hankali kwance.

Ana kiran la'asar suka koma wajen darasi. Ɗalibai na shirin tashi. Malam Yusha'u na ganinsu ya ajiye abin rubutu.

"Yallaɓai, an dace?"

"An dace. Mun ga akuyar maiɗakinka. Har biyu ne, da ƙaho da tozo."



"Ban gane ba."

"Masunta sun ga mai farin gilashi da jan babur. Khalifa kuma yana asibiti, bakinsa bai rufu ba tun da muka same shi."

"Ai maganar wanda ya taɓu ba hujja ba ce."

"Wa ya ce maka ya taɓu? Ɗazu ka ce rabonka da shi tun makon jiya."



Saja Talatu ta je wajen yarinyar nan mai shuɗin hijabi, ta dafa kafaɗarta.

"Yaya sunanki?"

"Bushra."

"Bushra, ba ki yi laifin komai ba. Me kika sani?"

Yarinyar ta buɗe jakarta, ta fito da ɗan guntun ɓawon magani, ƙwayoyi biyu a ciki.

"Malam ne ya ba mu. Ya ce wanda ya sha zai kwana yana karatu bai gaji ba. Ni tsoro na ji, ban sha ba."

Malam Yusha'u ya dubi ƙwayoyin. Ya zauna a kan benci, ya cire tabarau.

"Maganina ne," ya ce. "Wallahi nawa ne. Ni tun ina yaro ba na iya zama in karanta shafi guda. Duka babu irin wanda ban sha ba. Sai da na girma wani likita a Kano ya gano abin da ke damuna, ya rubuta mini. Rayuwata ta canja, yallaɓai. Da shi na gama karatu. Sai na ga yaran nan suna wahala, na ce abin da ya taimake ni zai taimake su."

"Likitan naka bai yi maka tambayoyi ba kafin ya ba ka?" in ji Sufeto.

"Ya yi. Har tarihin kakannina ya tambaya."

"Kai ka tambayi Khalifa?"

Ya girgiza kai.

"Naka kaɗai ba zai ishi aji guda ba. Ina ka samo sauran?"

"Akwai wani a Kano da ke kawo mini ta bayan fage. Zan nuna muku shi. Da ɗalibaina suka fara cin jarrabawa, mutane suka yi ta kawo 'ya'yansu. Na kasa dainawa."

"Shanun fa?"

"Da asuba ya buga mini ƙofa da su, yana ta ihu wai in sayo injuna. Na tsorata. Na san in aka gan shi a ƙofata asirina ya tonu. Na ɓoye shanun, kafin in juyo ya gudu dam. Na bi shi na ɗauko shi, na kai shi nesa na ajiye, na ce ko maganin zai sake shi ya dawo da kansa."

"Ka ajiye shi cikin rana, ba riga, ba ruwa. Ka dawo ka sayi harawa. Shanu ka tuna za su ji yunwa."

Malam Yusha'u ya rufe fuska da hannu biyu.

"Da niyyar mayar da su nake... daga baya kuma na ce in an kwana biyu ba a gano ba..." Bai ƙarasa ba.

Sufeto ya juya ga ɗaliban. Duk sun yi zuru-zuru.

"Ba wanda za a kama a cikinku. Duk mai sauran maganin nan ya kawo. Wanda kuma ya sha, ko lafiya yake ji, gobe ya zo asibiti da mahaifinsa ko mahaifiyarsa likita ta duba shi."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai wani saurayi daga baya ya taso ya ajiye nasa a kan tebur. Wani ya biyo. Kafin a jima tebur ya tara abin da ya sa Saja Talatu ta ce, "Allah mun gode maka da abin ya tsaya kan mutum ɗaya."

Kofur Halliru ya sa wa Malam Yusha'u ankwa, ya fito da shi. 'Yan kasuwa sun taru a bakin shagon, amma ba wanda ya ɗaga murya. Aka sa shi a bayan mota.

Har Halliru ya tayar da mota wayar Sufeto ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce, "Alhamdu lillahi. Madalla, Dokta. Allah ya saka da alheri." Ya kashe, ya jingina da kujera, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Daga baya murya ta fito ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai... don Allah. Zai warke?"

Sufeto bai juyo ba.

"An yi masa allura, ya samu natsuwa. Likita ta ce zai ɗauki lokaci, amma zai dawo hayyacinsa. Ka gode wa Allah, Malam. Da safe gawa nake nema, da yanzu wata tuhumar ce a kanka."

Malam Yusha'u ya kifa goshinsa a kan hannuwansa masu ankwa, yana faɗin alhamdu lillahi yana kuka.

"Mu je, Halliru," in ji Sufeto. "A hankali. Yanzu ba sauri muke ba."